Kwamina da Katangar Coci

Mutumin da zan ba da labarinsa ya fi kowa daɗewa a cocinmu, amma bai taɓa zama a cikinsa ba. Sunansa Kwamina. Shi ke buga ƙararrawa, shi ke shara, shi ke ɗebo ruwa, shi ke haƙa kabari. Dattawan coci ne suka saye shi daga jirgi yana matashi, a shekarun da rake ya gama cinye dajin Barbados, suka ce bawan coci ne, ba na mutum ɗaya ba. Shi kuwa yakan ce hakan ya fi muni, don mai ubangida ɗaya yana da inda zai kai kuka, shi nasa iyayengijin sun cika benci biyu kuma duk kurame ne.

Ni ce Keziah, matar marigayi Josiah kafinta. Uwata ta zo tsibirin nan a kan yarjejeniyar bauta ta 'yan shekaru, ta mutu ba ta mallaki ko taƙi ɗaya na ƙasa ba. Fararen fata ne mu, amma irin masu tafiya ba takalmi. Ɗan rubutun da na iya matar tsohon Rabaran, limamin cocinmu, ce ta koya mini, a bakin wankin zanen bagade da fararen rigunan mijinta, kuma wankin nan ne ke ciyar da ni har yau. Mijina ke yin akwatin gawa, Kwamina ke haƙa rami, shi ya sa suka saba. In Josiah ya kawo akwati, sai Kwamina ya auna shi da ido ya ce, “Kafinta, ka sake yi wa gajere gidan dogo. Ni kake yi wa mugunta, ba shi ba.”

Josiah ya ce, “Haƙa dai, tsoho. Ƙasar ta ubanka ce da kake rowarta?”

“Ba ta nawa uban ba ce, ba ta naka ba. Mu yi a hankali kada masu ita su ji.”

A cocinmu kowa ya san wurinsa. Masu gonakin rake suna gaba, kowane gida da ɗan ɗakinsa na katako mai ƙofa. Na Kanar Aldersey, babban dattawan, har labule gare shi, don ya yi barcinsa a tsanake. Bayansu masu tsaron gona da 'yan kasuwa. Mu muna can ƙarshe, kan benci mara jingina, kusa da taga. Bayi kuwa suna waje riƙe da dawakai. Ba a yi musu baftisma. Masu gona sun ce in aka fara, gobe za su nemi hutun Lahadi, jibi su taru wuri ɗaya da sunan addu'a su ƙulla wani abu. Rabaran kuma da sukari ake biyansa, dattawan nan ne ke auna sukarin.

Maƙabarta ma haka take. Wanda aka yi wa baftisma kaɗai ke kwanciya cikin katanga, masu hali a jikin coci ƙarƙashin dutse, talakawa a kusurwar arewa. Bayi suna binne nasu a kwazazzabo, can bayan gonar Kanar, da kiɗa da waƙa, su ajiye wa mamaci abinci da barasar rake, suna cewa ya koma gida ta hayin teku.

Kwamina ya janye daga wannan. Duk Lahadi yana tsaye a bakin ƙofa da igiyar ƙararrawa a hannu, har ya haddace addu'o'in ba wanda ya koya masa. Nakan ga leɓensa na motsi tare da namu. Wata rana muna shanya zane ya ce mini, “Uwargida Keziah, wannan Ubangijin naku da aka yi wa bulala aka kafe a itace, ni na gane shi. Abin da ke ba ni mamaki, yadda aka yi Kanar ya gane shi.”

Yana da mata a gonar Kanar, Mimba, da 'ya ɗaya, Benneba. Yarinyar ta fara tafiya ke nan zazzaɓi ya kama ta. Ya ɗauko ta a kafaɗa ya kai wa tsohon Rabaran, ya durƙusa ya roƙa a zuba mata ruwan nan ko ɗigo ɗaya. Rabaran mutum ne mai taushin magana. Ya shafa kan yarinyar, ya ce abin ba a hannunsa yake ba, ya sa aka ba ta madara. Ranar Asabar ta rasu.

Washegari ina zaune a wurina kusa da taga. An buga ƙararrawa, an rufe ƙofa, Rabaran ya hau wa'azi, kuma nasa wa'azin doguwar tafiya ce. Daga tagar ana hangen tsamiyar da ke bayan katanga, a wani ɗan fili na coci da ba a noma komai. Sai na ga Kwamina can yana haƙa, a hankali, ba ya bari shebur ya taɓa dutse. Kusa da shi akwai ɗan ƙunshi cikin tsohon buhu. Da aka zo addu'ar rufewa ya saukar da ƙunshin, ya tsaya da hula a hannu, yana sauraron muryar da ke fitowa ta tagarmu. Da muka ce amin, na ga bakinsa ya faɗa. Kafin mutane su fito ya mayar da ƙasa, ya baza busasshen ganye, yana tsaye a bakin ƙofa yana riƙe wa Kanar sirdi. Ban gaya wa kowa ba, ko Josiah.

Mimba ba ta yafe masa ba. A ganinta ya hana yarinyar hanyar gida, ya ajiye ta a ƙofar mutanen da ba za su buɗe mata ba. Ba a daɗe ba Kanar ya haɗa ta cikin waɗanda aka sayar zuwa Carolina, wata ƙasa mai nisa. Ta tafi ba su shirya ba.

Akwai wata ƙa'ida a coci. Ruwan da aka yi baftisma da shi ba a watsar da shi a kwata kamar ruwan wanki. Sai a zuba shi a ƙasar coci, cikin katanga, inda ba a takawa. Mu ba mu da kwarmin dutse na baftisma, tasa ce ta azurfa da uban Kanar ya bayar, kuma Kwamina ke fita da ita. Daga Lahadin da ya binne Benneba, duk jaririn da aka yi wa baftisma, sai in ga ya ɗauki tasar da hannu biyu ya zaga baya, ya ɗaga ta saman katanga, ya tsiyaye ruwan a gindin tsamiya ta waje. 'Ya'yan masu gona, 'ya'yan masu tsaron gona, 'ya'yana ma biyu da ba su rayu ba, duk ruwansu can ya tafi. Wurin ya yi ciyawa shar ko da rani.

Wata rana ya tambayi tsohon Rabaran, kamar da wasa, ko in ya mutu za a bar shi ya kwanta a gindin tsamiyar nan. Rabaran ya ce, “Ai filin banza ne, kuma waje yake. Kwanta abinka, wa zai hana ka?” Wannan maganar ya riƙe shekara da shekaru. Ita ce dukiyarsa.

Da Josiah ya rasu, Kwamina ya haƙa masa a kusurwar arewa, ya zurfafa fiye da yadda ake yi wa talaka. Bayan mutane sun watse na tsaya ina kallon ƙasar. Yana goge shebur ya ce, ba tare da ya dube ni ba, “Na bar miki wuri a gefensa. Na sa dutse don kada a ci miki.”

Na ce, “Na gode, Baba Kwamina.”

“Ni ke da godiya. Tagar nan tana da ido, na sani tun ranar. Na ga ba ta da baki.”

Daga nan muka zama masu magana ɗaya da ba ma yin ta. Nakan kai masa tuwon masara da kuɓewa, da ɗan kifi mai gishiri in na samu. Shi kuma ya ɗebo mini ruwan wanki daga tafki, yana mita wai fararen rigunan Rabaran sun fi mai su shan ruwa.

Sai shekarar zazzaɓin shawara ta zo. Jiragen ruwa ne suka kawo shi. Ya kwashe tsohon Rabaran, ya kwashe matar da ta koya mini rubutu, ya cika maƙabarta har Kwamina na sara ƙasa yana cin karo da akwatunan Josiah na da. Aka aiko sabon limami daga Ingila, Rabaran Tunstall, saurayi siriri mai yawan tari. Dattawa suka zauna suka ce a faɗaɗa maƙabarta. Kanar da kansa ya zaga da sandarsa yana nuna inda sabuwar katanga za ta bi. Ta bi ta bayan tsamiya, ta haɗiye ɗan filin nan gaba ɗaya, har bakin rakensa. Ya tsaya a inuwa ya buga sanda a kan ciyawar nan mai kyau, ya ce nan yake so a gina wa gidansu ɗakin ƙasa na ajiye gawawwakinsu.

Ina can da kwandon wanki, na kuma san wadda ke ƙarƙashin ciyawar. Kwamina ya tsuguna ya taɓa wata saiwa ya ce, “Ranka ya daɗe, tsamiya ba ta san Kanar ba. Saiwarta za ta fasa ginin ta shigo muku har gado. A ɗan matsa can.” Kanar ya yi dariya ya matsa.

Kwamina aka sa ginin. Da zarto yake yanka farin dutsen nan namu mai taushi, ya jera shi ɗaya kan ɗaya, wasu bayin Kanar na miƙo masa. Tsufa ya riga ya kama shi, in ya sunkuya sai ya dafa gwiwa kafin ya miƙe. Da aka gama, Rabaran Tunstall ya sa farar rigar da na goge, ya zaga sabon filin yana karanta addu'a, jama'a na binsa. Ya bi ta gindin tsamiya, ya taka wurin bai sani ba. Kwamina yana bakin sabuwar ƙofa, hawaye na bin gemunsa. Wata mata a gefena ta ce tsohon ya fara ruɗewa.

Da yamma na same shi zaune a kan ragowar duwatsu. Ya ce, “Kin gani? Ta shiga. Da addu'a da komai.” Sannan ya ce, “Ni kuma na gina kaina a waje.”

Sai a lokacin na gane. Wurin da aka yi masa alkawari yanzu cikin katanga yake, kuma ba mai kwanciya ciki sai mai baftisma. Bayan katangar kuwa raken Kanar ne, ba ko taƙi da za a binne kare. In ba a yi masa baftisma ba, kwazazzabo za a kai shi, nesa da 'yarsa.

Ya je wa Rabaran Tunstall. Bai faɗi zancen yarinyar ba, don in aka sani tono ta za a yi. Ya dai ce ya tsufa, yana son ruwan. Rabaran ya yi masa tambayoyi, ya amsa, har saurayin ya yi murna ya ce zai kai maganar gaban dattawa. Na so Rabaran ya yi abinsa a ɓoye ya gama, amma bai san tsibirin ba tukuna.

Bayan sujadar Lahadi suka zauna a gaban coci. Ina lungu ina ninke zane, ba wanda ya ce in fita, don irina ba a ganinmu. Aka kira Kwamina, ya tsaya a dokin ƙofa, ƙafa ɗaya ma bai shigo da ita ba.

Kanar ya ce, “Kwamina, an ce Kirista kake son zama. Ba ka gaji da mu a nan ba, har can za ka bi mu?”

“Ranka ya daɗe, in ban bi ku ba wa zai buga muku ƙararrawa?”

Suka yi dariya. Wani ya ce tsohon nan ya fi Rabaran iya wa'azi. Rabaran Tunstall ya miƙe ya ce mutumin ya yi wa coci bauta tun kafin a haifi yawancinsu, ya san addu'a, kuma tsoho ne, ba inda zai gudu.

Kanar ya daina dariya. Ya ce, “Rabaran, ba tsohon nake tsoro ba. Ka yi masa yau, Lahadi mai zuwa duk gonata za ta zo ta tsaya a ƙofar nan, kowa da jariri a hannu. Ka ce musu me? Kai in abu ya ɓaci jirgi za ka hau. Mu a nan muke kwana da iyalanmu.” Ya juya sandarsa a hannu. “Af, an ce rufin gidanka na yoyo. Mu duba wannan tukuna, damina ta kusa.”

Rabaran ya yi tari, ya zauna. Suka shiga zancen rufi. Kwamina ya daɗe a tsaye, ba wanda ya sallame shi, sannan ya je ya kwance wa Kanar doki. Daga baya Rabaran ya same shi ya ce ya yi haƙuri, a bari lokaci ya yi. Na yi imani da gaske yake. Amma lokacin na masu sukari ne.

Na kwana biyu ina juya abin, sannan na kai masa abinci da shawarata. Na ce, “Baba, ka fito da ita. Ranar Lahadi, lokacin wa'azi, kamar wancan karon. 'Yan ƙasusuwa ne, kwandon wankina zai ɗauke su, ba mai leƙa shi. Mu kai ta kwazazzabo. In ranarka ta zo sai a kwantar da kai kusa da ita.”

Ya ajiye kwanon bai ci ba. Ya daɗe yana kallon tsamiyar, har na zaci ya yarda. Sai ya ce, “Uwargida Keziah, kin san shekarun da na yi ina ɗaga tasar nan? Don ta shiga nake yi. Uwarta ta tafi tana ganin na yar da ita a bakin ƙofa. Yanzu ƙofar ta zo da kanta ta same ta. Ni zan kama hannunta in fito da ita, don tsoho yana jin tsoron kwana shi kaɗai?”

Na ce, “Ba za ka ƙara kusantarta ba ke nan.”

“Na sani. Bar ta.” Ya ɗauki kwanon. “Kuɓewar nan kuma kin tsinka ta, ko rowa ce ta kafinta kika gada?”

Bai kai ƙarshen damina ba. Ƙirji ne ya kama shi. Ranar da jikin ya tsananta, da safe an yi wa jikar Kanar baftisma, kowa ya wuce gidan gona cin biki, har da Rabaran. Ba mai fita da tasa, sai ni na ɗauka. Maimakon in zaga baya, na nufi bukkarsa da ita. Rana tsaka ce, ana jin goge da dariya daga gidan Kanar. Yana kwance a tabarma, numfashi na fita da ƙyar.

Na durƙusa na ce, “Baba, ga ruwan. Na ji ungozomomi kan yi in jariri zai tafi ba limami kusa. Na san kalmomin. In ka yarda in yi maka.”

Ya dubi tasar, ya dube ni. Ya ce, “Zai shigar da ni?”

“Wurin Ubangiji zai shigar da kai, na yi imani.”

“Wurinsa ban taɓa jin an rufe mini ba. Katangar nake tambaya.”

Na ce, “A'a, Baba. Ba za su karɓa ba.”

Ya lumshe ido. Can ya ce, “To jiƙa mini leɓe, ƙishi nake ji. Sauran ki kai mata, rabonta ne.”

Na tsoma yatsa na jiƙa masa. Ban faɗi kalmomin ba, tunda bai ce in faɗa ba. Na kai sauran gindin tsamiya na tsiyaye. Kafin in dawo ya tafi.

Mutanen gonar Kanar ne suka zo suka ɗauke shi, waɗanda ya yi shekaru yana ƙin zuwa makokinsu. Ba wanda ya yi masa gori. Sun wanke shi, sun naɗe shi, sun kai shi kwazazzabo da kiɗansu. Na bi su daga nesa na tsaya a bakin rake. Wata tsohuwa ta zo ta miƙo mini ɗan ƙoƙon barasa ta ce in zuba masa, tunda ni ma mutuniyarsa ce. Na zuba. Rabaran Tunstall ya so a buga masa ƙararrawa, amma ba wanda ya iya igiyar tukuna, ta yi ƙara biyu marasa daɗi ta tsaya.

An sayo wani bawan, bai san ƙa'idar ruwan ba, sai na ce a bar mini. Ba wanda ya damu. Yanzu duk baftisma nakan fita da tasar, in zuba rabi a gindin tsamiya, rabin in juye a ɗan tulu in ɓoye cikin wanki in kai wa Kwamina. Matar Kanar tana cewa wurin nan ya fi ko'ina kyau a maƙabartar, har ta sa an ajiye mata benci. Hanyar kwazazzabo kuwa ta cikin rake take, ganyen na yankan hannu, gangaren yana da santsi, gwiwoyina kuma sun fara ƙi. Ranar da na kasa, ba mai kai masa. Ni ina da wurina a kusurwar arewa, dutsen da ya sa yana nan. Jiya an yi wa wasu tagwaye baftisma, ruwan ya yi yawa. Na sauka kwazazzabo a hankali, na zauna kusa da kabarinsa har na huta, na gaya masa tsamiya ta yi 'ya'ya bana.